Fim Ba Sauti a Siton Albasa

Na'urar haska fim, ƙaramin janareta, farin zanen gado, lasifika. Abin da Musaddiq ya ɗaure a bayan babur ke nan, daga Wurno zuwa Goronyo. Kafin ya isa, igiyar ta kwance, lasifikar ta faɗi a kwalta. Ya ɗauka ya girgiza, ya ji wani abu yana yawo a ciki.

Tun da ya dawo daga karatu a Masar yake neman inda zai buɗe gidan kallo. Inna Sabuwa, ƙanwar mahaifiyarsa, tana da siton albasa da babu komai a ciki sai an yi girbi. Ta ba shi yammacin Juma'a guda.

"In mutane sunka kai ƙarshe, mu yi magana," ta ce. "In sunka watse, ka kwashe tarkacenka."

Bayan la'asar sito ya cika. Hoto ya fito tas a kan zanen, amma ko tari lasifikar ba ta yi ba.

Musaddiq ya tsaya a gefe ya ba da labari da baki. Fim ɗin barkwanci ne. An yi kuskure an gayyato makaɗa biyu biki ɗaya, Bamisire mai molo da Ba'isra'ile mai sarewa, dandali kuma guda ne.

"To wane na Bayahuden?" wani ya tambaya daga baya.

"Mai hular," in ji wani.

"Su duka da hula, malam."

Aka yi dariya, amma da makaɗan suka fara kiɗa babu sauti, sai benci ya fara motsi. Mutum uku suka fice. Inna Sabuwa tana bakin ƙofa tana kallon fitarsu.

Sale mai kalangu, wanda ya biyo daga gidan suna da gangarsa a hammata, ya miƙe. "Wanga mai molo, hannunai nika gani. Ai kiɗan amarya shika yi." Ya fara bin hannun da kalangu.

Malam Fred, malamin firamare ɗan Filato, ya fita da sauri. Musaddiq ya ɗauka shi ma ya tafi ke nan. Sai ga shi da sarewar robar da yake koya wa ɗalibai.

Da farko kowa nasa yake yi. A kan zane makaɗan suna ture juna da kafaɗa, a ƙasa Sale yana harara.

"Malam, kana taka mini ƙahwa."

"Baba, kai ne kake gudu kamar an biyo ka."

Sito ya ɗauki dariya. Waɗanda suka fita suka leƙo, suka dawo. Can inda amarya ta fito, na kan zane suka daidaita, na ƙasa ma suka haɗu a kiɗa ɗaya. Musaddiq ya daina fassara. Babu wanda ya sake tambayar wanne ne wanne.

Da aka watse ya naɗe zanen. "Inna, lasifikar za ni kai gyara Sakkwato."

"Mi kaka gaggawa?" Ta ja ƙofar sito ta rufe, ta miƙa masa mabuɗin. "Kowace Juma'a taka ta. In albasa ta zo, ta matsa gefe. Amma ka kira mini waɗanga biyu, Sale da Malam Fred."