Tauraruwa a Bakin Kwalta

Wata tara ke nan da mota ta kaɗe Eusebio Ledesma a hanyar rumbunan waken soya, kuma har yau 'yarsa Itatí ba ta yi kuka ba. Tana cin abinci, tana yin wanka, tana hawa bas zuwa birni inda take karatun aikin jinya, ta ci jarrabawa biyu a cikin watannin nan. Abin da ta sani kawai shi ne tana bayansa a kan nata keken ranar, da hantsi, kuma ta ga wanda ke riƙe da sitiyarin farar a-kori-kurar. Bautista Ferreyra ne, ɗan shekara sha shida, yana tsere da abokinsa.

Amma a takardar 'yan sanda kakansa ne, Don Anselmo, tsoho mai shekara saba'in da takwas. Shi ya je da ƙafarsa washegari ya ce shi ke tuƙi, rana ce ta kashe masa ido. Idan kotu ta karɓi wannan, an gama: tsoho ya yi kuskure, a ƙwace lasisinsa, kowa ya koma gida. Yaron kuma ko sunansa ba zai shiga takardar tuhuma ba.

Garin ya riga ya karɓa. A nan duk ɗan mai gona yana jan mota tun ƙafarsa ba ta gama kai birki ba, ba wanda yake ganin laifi. Mai gidan burodi ya ce wa Itatí tashin hankali kan sa ido ya ga abin da babu. Gwaggo Nélida, ƙanwar marigayin, ta zo ta zauna a kicin tana zagayawa da ƙoƙon mate, shayin ganyen da suke zuƙa da bututu, ta ce Don Anselmo ne ya kai uwar Itatí asibiti ranar da za a haife ta, a cikin ruwan sama.

"Ke dai boko ya hau miki kai," in ji ta. "Yaro ne fa. In kin ɓata masa rayuwa, ubanki zai tashi ne?"

"Ba zai tashi ba, Gwaggo."

"To?"

Itatí ta zuƙe mate ɗin har ya yi ƙara, ta miƙa mata ƙoƙon. Mahaifiyarta, Doña Ramona, tana tsaye tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

Bayan wata ɗaya da rasuwar, maƙwabta sun fito an zana tauraruwa, kamar yadda ake yi wa duk wanda hanya ta ci: rawayar tauraruwa a kan titi, daidai inda mutum ya faɗi, da sunansa a ƙasa. Sai dai inda Eusebio ya faɗi tsakuwa ce da jar ƙasa, fenti ba ya kamawa. Itatí da mahaifiyarta suka gwada da sassafe kafin jama'a su taru, ƙasa ta shanye rabin gwangwani. Sai suka share wurin da ƙafa, suka matsa gaba taku sittin, bayan kwana, inda kwalta ta fara. Ba wanda ya tambaya, su ma ba su ga abin faɗa ba. Don Anselmo ya zo ranar, ya cire hula, ya ajiye furanni a kan fentin da bai gama bushewa ba.

Yanzu mai shari'a ta ba da umarni a kai kowa wurin, kowa ya nuna abin da ya faru. Aka tare hanya da igiya. Rana ta take, ƙura tana tashi daga motocin hatsi da aka tsayar a layi, direbobi sun sauko suna kallo. Bautista yana tsaye kusa da mahaifiyarsa a cikin riga mai wuya wadda ta yi masa yawa. An kawo shi ne a matsayin wanda ke zaune a gefen direba.

Mai gabatar da ƙara, wata gajeriyar mata mai suna Quiroga, ta roƙi Don Anselmo ya nuna inda motar ta sami keken. Tsohon ya taka a hankali da sandarsa, bai yi wata-wata ba, ya je ya tsaya a kan tauraruwa. Ya ce nan ne, ya fito daga kwana, rana ta buge shi, sai ya ji ƙara. Ya faɗa tiryan-tiryan, kamar wanda ya sha maimaitawa a gaban madubi. Mutane suka gyaɗa kai.

Quiroga ta duba zanen 'yan sanda da ke hannunta, ta dubi kwanar, ta sake duba zanen. Ta juyo ga Itatí.

Itatí ta bi gefen hanya ta koma baya, ta wuce kwana, tana jin tsakuwa a ƙarƙashin takalminta. Ta tsaya kusa da wani turken shinge da ya karkace. Ta sa ƙafa ta kau da ƙasa, sai ga ɓurɓushin rawayan fenti a jikin duwatsu. Ta yi bayanin fentin da bai kama ba, da murya irin wadda take karanta awon zafin jikin majinyaci.

"Wannan gefen kwanar rana tana bayan direba ne da hantsi, Don Anselmo," in ji Quiroga. "Ko za ka sake tunawa?"

Tsohon ya buɗe baki, ya dubi tauraruwar da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Lauyansu ya fara magana a kan tsufa da mantuwa. Itatí ba ta saurare shi ba, Bautista take kallo. Tun da aka iso bai dubi tauraruwar ko sau ɗaya ba. Idonsa na kan turken nan.

"Kaka, ka bari," in ji yaron. Muryar ba ta fita sosai ba, sai da ya sake faɗa. Mahaifiyarsa ta damƙe masa hannu, ya zare. "Ni ne. Kaka yana gida yana barci."

Magatakarda ya rubuta. Aka ce za a mai da shari'ar kotun yara, a sa sabuwar rana, watakila bayan girbi. Aka kwance igiya, motocin hatsi suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, suna taka sunan mahaifinta.

Itatí ta jira ta ji wani abu a ranta. Ta ji ƙishirwa, ta ji tsakuwa ɗaya ta shiga takalminta na hagu. Gwaggo Nélida ta wuce ta gabanta, ta kau da kai. Doña Ramona ta zo ta tsaya a gefenta, su biyu suna kallon turken, can ta ce akwai sauran fenti a bayan gida, in an zuba siminti kaɗan a nan zai kama.

Itatí ta ce ranar Asabar, don gobe tana da aiki a asibiti. Ta cire takalmin, ta zazzage tsakuwar, ta mayar.