Shekarun Faisal

Baƙar motar ta kasa shiga lungun, sai ta tsaya bakin kwata, mai ita ya ƙaraso da ƙafa. Duk unguwar Talladje ta Yamai an san gidan Mushe Mijinyawa, kamar yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, tsohon daraktan lekol, wato makarantar firamare, mutumin da ya shekara talatin da biyar yana sa hannu a takardun gwamnati, yana kuma gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa alƙalaminsa bai taɓa rubuta ƙarya ba. Matarsa Aishatu ta ji zancen har ta haddace, in ya fara sai ta ƙarasa masa.

Baƙon ya tuɓe takalmi, ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa na ƙara. Faisal ne, ɗan wani Balarabe mai sayar da atamfa a unguwar Kalley a da. Bayan ya gama lise, wato sakandare, ya bi ubansa ƙasarsu, wata masarauta a gabas, ya karanci aikin ruwa, ya riƙe madatsu, ya riƙe ofisoshi, har sarki ya naɗa shi ministan ruwa. Shekara goma sha tara ke nan yana kan kujerar.

An sha ruwa, an tambayi iyali, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya gaji. Likita ya ce zuciyarsa ba ta son matakala, shi kuwa so yake ya dawo Yamai, kusa da kabarin uwarsa. Amma a can ba a ce wa sarki an bar aiki. Shekaru kaɗai ke sallamar mutum, in ya cika sittin da biyar. Takarda ta ce shekarunsa sittin da biyu.

"Mushe, kai ka san sittin da shida gare ni," in ji shi. "Kai ka rubuta."

Mijinyawa ya tuna ranar sarai. A wancan zamani yaro kan ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa, in ya kamo ya isa lekol. Faisal ya kamo kunne har ya wuce, don shekararsa goma sha ɗaya, ya yi girma da aji ɗaya. Uwar tana tsaye bakin taga, ba takardar haihuwa, sai ido. Mijinyawa, yana sabon malami, ya duƙa ya rubuta bakwai. Tun daga ranar ya ajiye abin can bayan zuciyarsa, har ya kusa yarda bai faru ba.

Abin da Faisal ke nema shi ne shaida a rubuce, da sa hannu, da hatimin kotu. Wato tsohon ya je gaban alƙali, wanda wataƙila ma ɗalibinsa ne, ya ce ya yi ƙarya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya ji haushin baƙon. Aishatu tana tankaɗe a gefe, ba ta ɗago kai ba, amma rariyar ta tsaya.

Washegari Mijinyawa ya sa babbar rigarsa ya tafi kotu. Da hannunsa ya rubuta, da rubutun nan nasa mai kwanciya da ake aiko yara su gani. Kafin la'asar labari ya gama unguwa, abokan hirarsa na bakin masallaci suka samu abin taunawa na mako guda. Ya daina zancen alƙalami.

Bayan wata biyu Faisal ya kira a waya, muryarsa ƙasa ƙasa. Sarki ya karanta takardar, ya yaba da gaskiyar malamin, ya sauke Faisal daga minista nan take. Sai dai tunda ya haura sittin da biyar, ya isa shiga majalisar dattawan fada, an kuwa naɗa shi a ranar. Ita wannan majalisa mutuwa kaɗai ke fitar da mutum daga cikinta.

Aishatu ta tambaya ko yaushe zai dawo, ta ce a sani a share masa ɗakin baƙi.

"Bar ɗakin," in ji Mijinyawa.

Ya miƙa mata wayar, ya ɗauki butarsa.