Mutum Biyu Ke Ɗaga Majinyaci

Tun da ƙashin bayanta ya goce, Sista Tirela ba ta iya sunkuyawa, don haka maigidanta ne ya durƙusa ya saka mata takalmi ranar da asibiti ya kira ta zama kan makomar aikinta. Abokan aiki ne suka laƙaba mata Tirela, wai babu kayan da ya fi ƙarfinta, ita kuwa da jin daɗi take amsawa. Yanzu buta ma sai an miƙo mata.

Abu ɗaya take nema a zaman: a mayar da ita ɗakin karɓar marasa lafiya, inda ake aiki a zaune, kada a sallame ta. Ta ɗauko bajon ƙungiyar ma'aikatan jinya ta maƙala a ƙirji. Maigidan ya ɗago ya kalle shi, ya ce shi dai abin da ya san ƙungiyar nan ta ƙware a kai ta'aziyya ce da hoton taro, in mutum bai mutu ba ba su da abin yi masa. Ta ce ya daina, Shugabar ƙungiyar da kanta za ta zo, kuma Shugaba yayarta ce tun makarantar jinya, a ɗakinta ta koyi naɗa bandeji. Ya ce Allah ya sa, ya ɗaure igiyar takalmin.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Asibitin ya rage masu tura gado, ya bar nas ɗaya a ɗakin maza da rana. Wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki, ƙato da shi, ya zamo daga gado ya faɗi rubda ciki, amai na shaƙe shi. Ta danna ƙararrawa, ta ƙwala kira, babu wanda ya leƙo. Sai ta sa hannu ta cicciɓe shi. Dattijon ya warke har ya koma gida. Ita kuwa a nan ta ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunta.

A barandar ofishin Manaja akwai babban hoto cikin gilashi, na bitar ɗaga majinyaci da ƙungiya ta shirya wa ma'aikata, asibiti kuma ya ba da ɗaki da lemo. Ga ta nan a tsakiya, baki har kunne, ita da wata nas sun kama mutum-mutumin roba, ɗaya ta kafaɗa ɗaya ta ƙafa. Ita ce ta koyar a ranar. Ta wuce shi a hankali tana dafa bango.

Al'adar ƙungiya ce idan an kira mamba zama, wakili ya zauna a gefensa, kujera na taɓa kujera, don a san ba shi kaɗai ba ne. Shugaba ta cika al'ada. Ta shigo tare da Manaja suna ƙarasa wata dariya, ta ja kujera har ta gogi ta Sista, ta kama hannunta ta riƙe. Duk da dariyar, Sista ta ji sanyi a ranta.

Manaja mutum ne mai taushin murya, irin wanda zai kore ka kana yi masa godiya. Ya jajanta, ya yabi shekarun aikinta, sannan ya juya ya tambayi Shugaba abin da ƙa'idar ƙungiya ta ce game da ɗaga majinyaci. Shugaba ta ce mutum biyu, ko da yaushe, babu togiya. Ya tambaya ko Sista ta san ƙa'idar. Shugaba ta yi ɗan murmushi, ta ce ai ita ke koya wa wasu.

"Yaya," in ji Sista, "ki tambaye shi ina na biyun yake."

Hannun da ke riƙe da nata ya matse. Shugaba ta karkato ta ce a hankali, "Ƙanwata, wannan maganar daban ce. Ƙarancin ma'aikata yana gaban kwamiti, kada mu haɗa."

"Mutumin yana shaƙewa. Da in tsaya in jira kwamiti?"

Shugaba ta shiga bayani da muryarta ta taro, cewa ƙungiya ba za ta kare abin da ita da kanta ta haramta ba, in ta yi haka gobe wa zai saurare ta. Ta ce mutuncin sana'a ya fi na mutum ɗaya. Manaja yana ta gyaɗa kai. Ya ce shi ya sa yake gaya wa takwarorinsa su riƙe ƙungiya da kyau, tun da aka fara bitar nan asibiti ya samu kwanciyar hankali, kowa ya san iyakarsa. Kujerar ɗakin karɓa kuwa, ya ce, an tanade ta ne ga wanda aiki ya ji wa rauni, ba wanda ya karya ƙa'ida ya ji wa kansa ba. Za a sallame ta cikin girmamawa.

Baƙin ciki ya kama ta, ba don Manaja ba, shi aikinsa ya yi. Shekarun da ta kwashe tana bin ɗakuna tana lallashin sababbin nas su shiga ƙungiya ne suka dawo mata, da bakinta take ce musu ranar wuya ba za su tsaya su kaɗai ba. Ga ranar ta zo, ba ta tsaya ita kaɗai ba kuwa, an zauna a gefenta an riƙe mata hannu har aka gama da ita.

Manaja ya fita, wai ana jiransa. Shugaba ta sauke ajiyar zuciya, ta ce ƙungiya za ta yi mata liyafar ban kwana ta gani ta faɗa, da allon yabo. Kuma tunda yanzu za ta samu lokaci, akwai bita a wata mai zuwa.

"Ba sai kin ɗaga komai ba," in ji ta. "Ki zo ki tsaya kawai yaran su gan ki. Zai fi shiga kansu."

Sista ta yunƙura za ta tashi, bayanta ya riƙe, ta koma ta zauna tana cije leɓe. Shugaba ta miƙo hannu biyu za ta kama ta, har ta taɓa hammatarta, sai ta janye. Ta je bakin ƙofa ta leƙa dama da hagu ko akwai wanda zai kama ɗaya gefen. Babu kowa a barandar.

"Ɗan jira," ta ce, "bari in nemo wani."

Sista ta saurari ƙarar takalminta har ta ɓace. Sannan ta dafa teburin Manaja da hannu biyu, ta fara tashi ita kaɗai.