Yatsun da Na'ura Ta Ƙi

Na'urar ba ta fi tafin hannu ba, gilashi a sama da ɗan haske kore. Ka ɗora yatsa, ta gwada shi da zanen da aka ɗauka ranar da ka tsallako iyaka, ta yi ƙara, a sabunta maka katin neman mafaka na wata shida. Shekara huɗu da hoto kawai muke sabuntawa, sai bana gwamnati ta ce da yatsa za a yi.

Na ɗora babban yatsa, shiru. Ma'aikaciyar, wata mai tabarau da ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ta ce in goge a jikin zani. Na goge. Muka bi goman ɗaya bayan ɗaya, na'ura ta yi kunnen uwar shegu da mu.

"Baiwar Allah, me ya sami hannunki?"

Na juya hannun na duba. Sumul, kamar bayan cokali. Na ce ban sani ba. Ta ce in dawo bayan mako biyu, kuma sau uku kawai ake gwadawa.

Na sani sarai. A bayan wani otal akwai ɗakin wanki marar taga, da baho shida na siminti. Mu goma sha biyu ne a ciki, muna jiƙa zannuwan gado da tawul a ruwan bilic mai cin fata tun safe har la'asar. Dukanmu kati iri ɗaya muke riƙe da shi, kuma a bayansa an rubuta cewa mai shi ba shi da izinin yin aiki. Wanda ya rubuta bai faɗi abin da za mu ci ba.

Na je wurin lauyan ƙungiyar agaji. Mutumin kirki ne, sai dai gajiya ta cinye shi, yana magana yana murza ido.

"In na ukun ya ƙi, doka za ta ɗauka da gangan kika goge zanen don ki ɓoye ko ke wace ce. Sai a rufe fayil ɗinki. Su wa ke ciki?"

"'Yata da surukata."

"To har da su. In kuma kin ce aiki ne ya cinye yatsun, laifi ne, amma na farko gargaɗi ake yi. Sai dai za su tambayi wurin, kuma za su je su gani da idonsu."

"Waɗanda za su tarar fa?"

"Wadda ba a taɓa kamawa ba, gargaɗi. Wadda aka taɓa, shi ke nan."

Gaba kura, baya sayaki. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Fankar da ke kan teburinsa nake kallo tana juya kai dama da hagu.

A cikinmu masu wankin, mutum ɗaya aka taɓa kamawa. Rediyo muke ce mata, don bakinta ba ya hutawa. Ita ta kai ni wurin wankin lokacin da mijina ya rasu, ita ta koya min yadda ake matse zanin gado ba tare da baya ya ƙage ba. Da na ce mata zan huta da ruwa ko zanen yatsun zai dawo, sai ta kwashe da dariya.

"Yaya, ke kam kin zama amarya. Je ki zauna, ni zan riƙe bahonki. In yatsun sun fito ki ara min biyu."

Na zauna a ɗaki. Inna, surukata, ta riƙa shafa min basilin safe da yamma tana tofa addu'a. 'Yata ta karɓi wanke-wanke, ko alwala sai Inna ta tsaya a kaina kada in daɗe a ruwa. A gwaji na biyu hasken ya ɗan motsa a kan ƙaramin yatsa, sannan ya mutu. Na ƙara mako biyu, Rediyo na riƙe da baho biyu.

Ranar na uku mai tabarau ta gwada goman, ta hura wa gilashin iska, ta sake gwadawa. Daga nan ta jawo wata takarda ta cire murfin biro.

"Sai na rubuta dalili. Ki taimaki kanki."

Ta ƙofar gilashi ina hango Inna a kan benci, rungume da jakar ledar da muke ajiye takardunmu. 'Yata na gefenta da kayan makaranta.

Na faɗi sunan otal ɗin. Na faɗi titin, na ce ƙofar baya ce, mai shuɗin fenti. Ta rubuta, ta buga hatimin gargaɗi, ta miƙo min kati uku.

Bayan kwana tara na bi ta titin. Kwaɗo ne a ƙofar, zannuwa biyu sun bushe a kan igiya har sun yi tauri. Mai shagon kusa ya ce da hantsi motar hukuma ta zo ta kwashe su, an saki goma da yamma. Ɗayar, mai surutun nan, ita ba a sake ta ba, an ce iyaka za a mayar da ita. Ya ce har ta shiga mota tana tambayar wa zai gaya wa Yaya kada ta zo aiki gobe.

Na ce masa Allah ya kyauta, na wuce kasuwa na sayi gishirin da Inna ta aike ni.

Tun daga nan ban sake samun wanki ba. Wata shida ya cika, muka koma ofis, na ɗora babban yatsa. Na'ura ta yi ƙara tun kafin in danna sosai.

"Kin gani?" in ji mai tabarau, tana murmushi. "Yau babu wahala. Hannunki ya yi kyau."