Alkamar Burniya

Tun da matarsa Burniya ta rasu, Sasi ba shi da abokin hira a tudun nan na bayan garin Beja sai gonarsa ta alkama, ita kuwa gonar ciyawa ta cinye ta. Ciyawa ce mai shegen wayo, ta fito sak alkama, sai ta fid da kai ka gane an cuce ka. Da can shi da matar suke cire ta da hannu. Yanzu baya ya ƙi, 'ya'ya kuma duk suna Tunis.

Babban ɗansa ne ya aiko da sabon iri, wanda aka ce maganin feshi ba ya taɓa shi, ciyawar kawai yake kashewa. Sasi ya karɓa. Sai dai a gidansu ba a taɓa shuka ba a zuba tsohon iri cikin sabo ba, don albarka. Na Burniya kuwa saura ɗan abin da ke gindin tulu, alkama mai baƙin gashi da ta zo da ita daga gidan ubanta, kuma babu sauran mai ita a ƙauyen. Ya juye duka a buhu ya gauraya, yana jin kamar tare za su fita gona.

Ruwan saman lokacin sanyi ya sauka, gona ta yi kore shar. Yakan tsuguna ya nemo nata, ya gane su da faɗin ganye, har ya ba su labarin ciwon gwiwarsa. Wa zai ji, balle ya yi masa dariya?

Lutfi mai feshi ya zo ya yi aikinsa ya tafi. Da ciyawa ta fara yin ja tana mutuwa, Sasi ya ga masu faɗin ganyen ma sun langaɓe. Hankalinsa ya tashi, ya aika a kira shi.

Lutfi ya tsinki ɗaya ya duba. "Baba, ka haɗa da wani iri ne?"

"Na gwaggonka Burniya ne. Ɗan kaɗan."

"Ayya, Baba. Maganin nan ina ya san gwaggo? Duk abin da ba irinsa ba, ciyawa ne a wurinsa."

Masu wucewa kasuwa suka riƙa tsayawa suna yaba gonar, wai ba su taɓa ganin ta tas haka ba. Sasi ya amsa musu da alhamdulillahi. Da suka yi nisa ya koma ciki, yana bin layi-layi a sunkuye ko ɗaya ta tsira. Ya kai ƙarshen gonar, ya sake farowa.