Shekara Goma Sha Biyar ta Manjo Hazza

Manjo Hazza, mai tuƙa jirgin yaƙi a Tabuka ta Saudiyya, kwana uku yana haddace roƙon da zai yi. Idon mahaifiyarsa ya mutu, tana Ɗa'ifa ita kaɗai, ga wani kamfanin jiragen fasinja a Jidda ya ba shi aiki kusa da ita, amma ƙarshen Fabrairun nan zai zo ko a ba wani. Shi kuwa shekara goma sha biyar ɗin da ya sa hannu zai yi wa soja, a lissafinsa sai Yuli za ta cika. Wata biyar kacal, sun tsaya masa a wuya.

Ya nufi ofishin Abu Saɗɗam, tsohon da ke riƙe da fayil ɗin hafsoshi, mutumin da ko Janar sai ya sha gahawarsa kafin ya ji magana. Hazza ya shanye kofi uku, ya girgiza kofin alamar ya isa, sannan ya fara.

"Baffa, a taimaka a yafe mini wata biyar. Wallahi ko muƙamin nan a sauke…"

"Yafewa? Nan ka ga ya yi kama da masallaci?" Tsohon ya jawo fayil, ya lashi yatsa. "Yaushe ka sa hannu?"

"Yulin 2007."

"Kai dai an yi ɗan boko! Karanta nan da bakinka."

Hazza ya duƙa. Uku ga Rajab, 1428.

"To yau nawa ga wata?"

Hazza ya sosa ƙeya. Mutumin da ya san man jirginsa har ɗigon ƙarshe, wai bai san kwanan watan Musulunci ba! Kullum kalandar Turawa yake rubutawa a littafin tashi, har ya manta takardarsa da ta Hijira aka rubuta ta, wadda kowace shekara take kasa waccan da kwana goma sha ɗaya.

"Sha biyu ga Rajab, 1443," in ji tsohon. "Kwana tara ke nan da cikarka, ranka ya daɗe. Na ɗauka ma son mu kake yi, shi ya sa ka zauna."

Hazza ya koma kujera yana dariya, hawaye na zuba, kunya da daɗi sun haɗe masa. Ya tashi ya sumbaci goshin tsohon, tsohon yana ture shi wai kada ya jiƙa masa takardu.

Tun a baranda ya kira Ɗa'ifa.

"Umma, albishirinki! Ashe na gama!"

"Na sani mana," ta ce. "Ba na ganin wata, amma maƙwabta suna faɗa mini. Tun ran uku ga wata nake dafa abincin mutum biyu."