Hoton Lauwali da Bindiga

Shekarar da ƙanena Dalhatu ya dawo Gummi da kwamfuta, ni Habsu na ishi kowa da baki. Duk wanda ya zauna cin tuwo a rumfata sai ya ji cewa ɗan Innarmu na karatun kwamfuta a Talata Mafara. Dogon hutu anka ba su, shi kuwa ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ya kama ɗan shagon da ke manne da rumfata. Ya aje tsohuwar kwamfutarsa 'yar gwanjo, da ƙaramin janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba.

Aikinsa hoto. Ka tsaya jikin bango ya ɗauke ka, ya shiga da kai cikin kwamfuta, sai ga ka tsaye gaban jirgin sama. Tsofaffin da ko Gusau ba su taɓa zuwa ba, ya kai su Makka sun dawo kafin tuwona ya huce. Samari kuwa mota suke so, ko kakin soja. In ya gama ya tura maka a waya, kai ma ka tura wa abokanka ta bulutut, su tura wa nasu. Lokacin wayar mai kyamara ta fara shigowa, kowa hannunsa na ƙaiƙayi.

Lauwali ɗan wata ruga ne a hanyar Bukkuyum. Dogo, mai kunyar tsiya, ko loma zai kai baki sai ya juya wa mutane baya. Yayansa ya yi kudu da shanu, kullum yana bugo waya yana yi mai tsiya wai an bar shi gida da maruƙa don tsoro. Shi ne Lauwali ya zo ya ce a ɗora mai bindiga, babba, irin ta fim, ya tura wa yayan. Ya tsaya jikin bango riƙe da sandarsa ta kiwo, yana ta ƙoƙarin ɗaure fuska. Dalhatu ya cire sandar ya sa bindiga. Mun yi dariya har na ƙware, don yaron ko kaza ba ya iya kallo ana yankawa.

Bayan 'yan makonni, da safiyar ranar kasuwa, 'yan fashi sunka tare hanyar Anka sunka harbe Malami direba. A cikin motarsa anka kawo gawar tasha, jini ya jiƙe kujera. Malami mutumin kowa ne, kuma aminin Bature, shugaban 'yan banga, tun suna yara. Kafin hantsi kasuwa ta ɗau zafi. Sai wani ɗan iska, har yau ban san ko wane ne ba, ya miƙa wa Bature wayarsa da hoton Lauwali mai bindiga a ciki, ya ce ga ɗaya daga cikinsu, yana can kara, kasuwar dabbobi, yana sai da tunkiya.

Ina tuƙin tuwo na ji ihu. Na leƙa na ga ana jan mutum da ƙafa, kansa na bugun ƙasa. Sai da sunka zo daf da ni na gane Lauwali, don fuskar ta riga ta kumbura. Wani ya maka mai gora a kafaɗa, na ji ƙarar ƙashi. Bai ma yi ihu ba, Innarsa kawai yake kira da Fillanci.

Dalhatu ya fito a guje ya kutsa cikinsu. "Ku tsaya! Ni na yi hoton nan! Ƙarya ce, wallahi sanda ce a hannunsa!"

Bature ya damƙi wuyan rigarsa. Idonsa ja wur, ya sha kuka. "Hoto na ƙarya? Ga shi ga bindiga, kana ce mani mi?"

"Ka zo in gwada maka, Yallaɓai. Na asalin yana cikin kwamfuta."

Bature ya ɗaga hannu anka dakata. Sunka ɗaure Lauwali jikin ginshiƙin rumfata, Bature da Dalhatu da wasu dattawa sunka shiga shago. Ni kuwa na ɗauki muciyata na tsaya gaban yaron. Na ce duk shegen da ya matso sai na fasa mai kai, kuma da gaske nake.

Janaretan nan, Allah wadai da shi, ranar ya ga damar yin gardama. Dalhatu na ja yana tari yana mutuwa. Da ƙyar ya tashi. Sai kwamfuta ta shiga nata yangar, tana ta juye-juye kamar amarya. Mutane kuwa sai ƙaruwa suke, waɗanda ba su ma san abin da ake ciki ba su ne a gaba. Dutse ya wuce ta gefen kunnena ya sami Lauwali a baki. Ya tofar da haƙori a kan zanena. Ya ɗago ya ce, "Adda Habsu, tunkiyata tana kara, ba wanda ke riƙe da ita." Na ce rufa mani baki, kai ta tunkiya kake?

Daga inda nake ina hango su ta ƙofa. Hoton ya fito: Lauwali jikin bango da sandarsa, yana danne dariya. Dalhatu ya ce su duba da kyau. A gabansu ya goge sandar ya ɗora bindiga, ya cire bindiga ya mai da sanda. Dattawan sunka yi salati. Na ji sanyi a raina, na ce alhamdu lillahi, an gama.

Bature ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, a hankali, "Sake yi."

Dalhatu ya sake, har da murmushi.

"To," in ji Bature. "Ashe kana iya cire bindiga ka sa sanda. Wa ya sani ko mai sandar ne na ƙarya? Kai ne ke wanke su ke nan."

Dalhatu ya kai hannu kan kwamfuta zai sake gwada masu.

Gorar farko kwamfuta ta samu, gilashin ya tarwatse. Ta biyu ta sauka kan hannun Dalhatu na dama a bisa tebur. Da na waje sunka ji ƙarar, sai sunka ɗauka an tabbatar. Na sami ɗaya da muciya a goshi, na ga jininsa, daga nan anka yi jifa da ni cikin tukwanena, miya mai zafi ta kwaɓe mani cinya. Ina kwance ina jin saukar gorori. Lauwali ya kira Innarsa, ya sake kira, daga nan ban ƙara jin muryarsa ba. Ko da 'yan sanda sunka iso, igiya ce kaɗai ke riƙe da shi a tsaye.

Bayan an yi bakwai, wata tsohuwa ta zo rumfata, siririya, ba ko ƙwaryar nono a kanta. Ta ce ita ce Aisatu, uwar Lauwali. Dalhatu na zaune a gefe da hannu cikin ɗori, ya kasa ɗaga kai. Ba ta zagi kowa ba, da ma ta zaga. Ta ce an gaya mata ɗanta ya taɓa ɗaukar hoto nan, shi ke nan wanda ya taɓa ɗauka a duniya, tana son ta gan shi.

Na asalin ya tafi da kwamfuta. Wanda ya rage shi ne wanda ke cikin wayar kowa a garin nan, har da tawa. Na so in ce babu, bakina ya ƙi. Na buɗe na miƙa mata.

Ta riƙe wayar da hannu biyu. Ta sa babban yatsanta ta rufe bindigar, ta zauna nan kan bencina tana kallon fuskarsa har fitilar wayar ta mutu. Ta miƙo mani ta ce, "Kunna mani shi kuma."